Ba Ƙyaure Ne Ya Karya Yatsun Ɗiyata Ba

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yi saurin tsine mini, na riga ku yi wa kaina.

Ni dattijo ne daga Bungudu. A da sana'ata buga wa mutane takardu da tafireta a Gusau. Ɗiyata ta fari tana aure a Tsafe, ita ma buga rubutu take yi, amma a kwamfuta. Makon jiya ta zo gaishe ni da wani ɗan faranti jere da suwic iri-iri, waɗanda ake sawa ƙarƙashin kowane harafi, wai za ta haɗa kibod ɗinta, wato allon haruffan kwamfuta, da kanta. Ta ce, "Baba, kai ne tsohon hannu, taɓa ka zaɓar mini." Na daddanna, na zaɓi mai tauri mai ƙara irin na tafiretata. Ta yi dariya ta ce, "Haba tsoho, so kake maƙwabta su ce sussuka nake a ɗaki? Kuma yatsun nan biyu da ƙyaure ya matse ba sa iya danna mai tauri. Ko mai laushin ma, kafin la'asar sun fara zugi."

Jama'a, ba ƙyaure ba ne, ni ne. Tana shekara uku ta hau tafireta ta ɓata takardar gonar wani mutum da na wuni ina bugawa. Na fizgo ta na kwaɗa mata mari, ta kai hannu ta riƙe injin don kada ta faɗi, ni kuma na maka mata murfinsa na ƙarfe a kan yatsu da dukkan ƙarfina. Na ji ƙashin ya ce ƙas. Jini ya bi tsakanin haruffa, ni kuwa injin na fara gogewa kafin na dube ta. Wane irin uba ne wannan? Uwarta ta kai ta wurin mai ɗori ta ce ƙyaure ne, ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah.

Yanzu ciwo ya kama ni, kuma duk cikin 'ya'yana ita kaɗai ke zuwa duba ni. In na faɗa mata, ina tsoron ta ɗauke ƙafa. In na yi shiru, da wace fuska zan tsaya gaban Allah da haƙƙinta a wuyana? Juma'a za ta dawo. Me zan yi?