Mijin ƙanwata ya fitar da bincikena kan rana da sunanshi

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure, admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina ni kaɗai.

Ni malamin fizik ne a wani lise, wato babbar sakandare, nan Dakoro, kuma ina rubuta tez, wato kundin digirin dokta, a kan rana, ranar nan da ke bisa kanmu. Bari in ɗan yi bayani don ku gane abin da aka ɗauke mani. In an yi husufi akwai farin haske da ake gani kewaye da rana kamar rawani, to cikin rawanin nan ne ƙarfin maganaɗisu ke murɗewa har ya tsinke, ya watso guguwar da ke iya lalata satelit, wato tauraron ɗan adam, ko ta ɗauke rezon waya da wutar kuran. Ba a iya auna maganaɗisun wurin kai tsaye, sai dai a kwaikwaye shi cikin odinatar, wato kwamfuta, kuma kwaikwayon ba ya tafiya sai an ba shi ƙarfin lantarkin da ke fuskar rana, shi kuwa ƙiyasta shi ake yi daga hotunan da satelit ke ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suna da datti, sai lissafin ya ƙirƙiro lantarkin da babu shi, rawanin ya murɗe fiye da gaskiya. Ni na samo hanyar tace dattin nan, kuma a kanta tez ɗina ya tsaya.

Ina da aboki, bari in kira shi Sani, ɗan Sabon Maci ne, a gidanmu ya zauna tun muna kolej, kwano ɗaya muke ci. Tare muka samu burs, wato tallafin karatu, muka tafi waje karatu, ni na tsaya mashi har aka ba shi ƙanwata Hadiza. Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki sai na dawo gida, ni ne babba, ga dabbobinmu can wajen Tagriss babu mai bin su. Na ci gaba da aikin daga nan, amma ƙaramar odinatar ɗina ba ta iya ɗaukar shi, sai na riƙa tura ma Sani yana gwada mani a manyan na'urorin jami'a. Komi na ba shi, ban ɓoye mashi ko layi ɗaya ba. Duk sanda na tambaya sai ya ce sakamakon bai yi kyau ba tukuna, in ƙara haƙuri.

Watan jiya na tura ma malamin da ke duba tez ɗina babin da ke kan hanyar tacewar nan, sai ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce wannan aikin ai ya riga ya fito a mujallar bincike, ya tambaye ni ko na san hukuncin satar aikin wani. Na buɗe na gani, sunan Sani ne da na wasu mutum biyu da ban sani ba, nawa babu ko a wurin godiya. Ni ake tuhuma da satar abin da na haifa.

Na kira Sani bai musa ba. Ya ce burs ɗinshi ya kusa ƙarewa, in bai fitar da komi ba za a koro shi da Hadiza gida, wai ni ina da aikina na koyarwa, kuma ai duk gida ɗaya muke. Abin da ya fi ci mani rai shi ne da Hadiza ta karɓi wayar tana kuka, ga ta da tsohon ciki, ta ce, “Yaya, na ce mashi ya faɗa maka tun kafin ya tura.” Ashe ta sani. Duk gaisuwar da muke yi kowace Juma'a, ta sani.

Inna da ta ji sai ta ce mani, “Yanzu rana da kowa ke gani, ita za ka kashe auren ƙanwarka a kanta?” Na rasa yadda zan fahimtar da ita. Baba kuwa ba mu faɗa mashi ba saboda jikinshi.

Ina da hujjar cewa aikina ne, malamina ya ce in kawo ta kafin ƙarshen wata, in ba haka ba in nemi wani batun in faro daga farko. In na kai, za a janye aikin, Sani zai rasa karatu, wataƙila su dawo hannu rabbana da jariri, kuma Inna ba za ta yafe mani da wuri ba. In na yi shiru, shekaruna sun tafi, kuma a idon malamina na zama ɓarawo. Shekaranjiya Sani ya aiko ta bakin Inna wai in Hadiza ta haifi namiji sunana za su sa mashi, ita har murna take yi, ni kuwa na kasa cin tuwo ranar.

Ƴan uwa, in ku ne a matsayina, za ku kai hujjar ko za ku bar mashi? In kuma na kai, da wane baki zan gaya ma Inna?