Kwalbar Man Baba Gambo

Talata, 9 ga Yuni, 1964

Mun iso Gaya jiya da la'asar, ni da matata Saratu, a bayan kamyon albasa, babbar motar kaya. Har yanzu kayanmu warin albasa suke yi.

Bari in rubuta abin da ya kawo ni, don in riƙa tuna wa kaina in raina ya ɓaci. Makarantarmu ta tauhidi, can bakin teku, ba ta ba da babban difilom sai mutum ya zauna koyon aiki wurin wani dattijon ikilisiya, ya kuma rubuta memwar, wato dogon bincike mai babi-babi. Tawa a kan baiwar warkarwa ce. Babi uku na gama su tun can, da hujjoji har daga Girkanci: al'ajibai sun ƙare tare da manzanni, abin da ya rage ruɗu ne da zafin kai. Babi na huɗu shi ne abin da zan gani da idona. Musye direktar, shugaban makarantar, ya ce in memwar ta shiga motar wasiƙu ta ƙarshen Agusta, kujerar malami tawa ce, ɗan Nijar na farko da zai koyar a can. In ba ta shiga ba, akwai mai jira. Shi da kansa ya zaɓo mini Baba Gambo na Gaya, yana murmushi, ya ce a nan zan sami abin rubutawa har in ƙoshi.

Lahadi, 14 ga Yuni

Wannan ce sujada? Rumfar kara ce bayan kasuwa, tun da aka kori ƴan Dahome daga ƙasar nan mutanenta ba su cika tabarma huɗu ba, amma hayaniyarsu ta fi ta ranar kasuwa. Kowa addu'arsa yake yi da ƙarfi lokaci guda. Wata mata ta faɗi tana rawar jiki tana magana da wani harshe da ba Dandanci ba, ba Zabarmanci ba, ba komai ba. Na tsaya da takalmina sau-ciki, bakina buɗe.

Baba Gambo dogon tsoho ne, ya yi soja, ya yi makarantar wa'azi a Dahome, yana karatu da tabarau mai ƙafa ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Halidu mai Girkanci? To, marasa lafiyarmu Hausa suka iya." Aka yi dariya. Har Saratu ta yi, na gan ta.

Alhamis, 18 ga Yuni

Na fara abin da Baba yake kira horo. Ba allo, ba darasi. Yawo ne gida-gida cikin taɓo, ni ina riƙe masa kwalba. Tsohuwar kwalbar kinin ce, maganin zazzaɓi, cike da man gyaɗa, irin wanda Saratu take suya da shi.

Ƙa'idarsa ke nan, ba ya tsallake ko ɗaya. A tuɓe takalmi a ƙofa. A sha ruwa da moɗar da mara lafiya yake sha, ko mene ne ciwonsa. A zauna ƙasa, kada kanka ya fi nasa tsawo. Sannan a ɗiga mai a tafin hannu, a ɗora, a kira sunansa, a roƙi Yesu da magana kaɗan. Ya ce wanda yake ƙyamar moɗar mutum ba shi da abin da zai roƙa masa. Yau na sha da moɗar mai tari. Na dawo na kurkure baki da gishiri har dasashina ya yi zafi.

Asabar, 27 ga Yuni

Duk waɗanda muka bi, ba wanda ya tashi. Mai tari yana tarinsa, mai ciwon ido yana lalube. Na tambayi Baba ko abin bai dame shi ba, ya ce, "Yana damuna mana. Ɗauko kwalba." Babi na huɗu yana rubuta kansa. Na yi barci mai daɗi.

Laraba, 8 ga Yuli

Wannan kam sai na rubuta.

Wata mata, Aisata, ta zo tun da safe ta durƙusa a ƙofar Baba. Mijinta Idi ɗan dako ne a duwan, wato kwastan, wajen gada. Tun damanar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tashi ƙafafunsa biyu sun mutu. Musulmi ne. Sun sha rubutu, sun je wajen mai magani a Tanda, sun je likita har Dosso. Ta ce ba ta zo don ta shiga addininmu ba, ta zo ne don ta gaji da ɗaukarsa zuwa bayan gida.

Muka je. Ɗaki ɗaya, rufin yana yoyo. Ƙafafun sun tsotse kamar karan dawa, na taɓa su sanyi ƙalau. Muka tuɓe takalmi, muka sha ruwa, muka zauna. Sai Baba ya miƙo mini kwalba ya ce, "Yau kai ne." Na ce ban shirya ba. Ya ce, "Ba ka kuwa shiryawa. Ɗora."

Gaskiyar da ba zan faɗa wa kowa ba: na yi murna. Na ce a raina ga shaida mafi kyau, ni da kaina na yi duk yadda suke yi, ban rage komai ba, ba abin da ya faru. Har jimlar da zan buɗe babin da ita ta zo mini. Na ɗiga mai, na kama gwiwoyinsa, na ce, "Ya Yesu, ga Idi, ka tashe shi." Shi ke nan. Ban ji zafi ba, ban ji sanyi ba. Tunanina yana kan ruwan da yake ɗigo mini a wuya.

Babban ɗan yatsan ƙafarsa ya motsa. Na ce tsoka ce. Ya naɗe ƙafar dama, ya dubi matarsa ya ce, "Aisata, kama ni." Ta kama shi. Ya dafa bango ya miƙe, yana kyarma, ya yi taku har bakin ƙofa ya tsaya yana kallon ruwan sama.

Ba wanda ya yi ihu. Aisata ta zauna daɓas ta rufe fuska da zane. Ni na fita na yi amai bayan danga. Na taho gida ba takalmi, sai da Saratu ta tambaye ni na lura.

Alhamis, 9 ga Yuli

Na je da asuba in ga ko Idi ya koma kwance. Na same shi tsaye yana alwala.

Asabar, 11 ga Yuli

Na je wajen Mamman anfirmiye, malamin asibitin da ya duba Idi bara. Na roƙe shi bayani, kowane iri. Ya ce akwai ciwon jijiya da yake sakin mutum da kansa, ya taɓa karantawa. Na ji kamar in rungume shi. Na ce, a cikin minti guda yake saki? Yana goge allura ya ce, "Malam, ni dai na soka mai allura a tafin ƙafa bara, bai san na yi ba. Abin da na sani ke nan."

Jiya Juma'a Idi ya tafi masallaci da ƙafarsa, jama'a na biye da shi. Na kai wa Baba ƙara, na ce mutumin ko leƙo rumfarmu bai yi ba. Baba ya yi dariya har tabarau ya faɗi. "Ƙafa ka roƙa mai, an ba shi ƙafa. Kai ne za ka hwaɗa mata inda za ta?"

Ba na son wannan tsohon. Ban san me zan yi da shi ba.

Litinin, 20 ga Yuli

Ƙofarmu ta zama bakin dispansar, ɗakin shan magani. Daga Karakara, daga ƙetaren kogi, a kan jaki, a cikin amalanke. Malam mai hannu, haka suke ce mini. Na ɓuya a ɗaki, Baba ya aiko a fito da ni. Na sha da moɗa iri-iri, na ɗora hannu har tafina ya yi santsi. Ba wanda ya tashi. Ko ɗaya.

Da hankali ya kamata wannan ya kwantar mini da rai, tunda abin da babina yake so ke nan. Amma da wata tsohuwa ta juya da jikarta makauniya yadda ta kawo ta, sai na ji haushi ya kama ni, kuma ban san da wa nake fushi ba. Da can ba na fushi, don ba na sa rai.

Na ce wa Baba, in abin gaskiya ne, me ya sa ni, ranar da ko ɗigon bangaskiya babu a zuciyata? Me ya sa ba yarinyar ba? Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, waɗanda suka tashi a hannunsa ba su fi yatsun hannu ba, kuma har yau bai gane ƙa'idar ba. Na ɗauka zai ba ni amsa. Ashe shi ma a cikin duhu yake yawo da kwalbarsa.

Litinin, 3 ga Agusta

Bikin ƴancin kai. Ƴan lakwal, yaran makarantar boko, sun yi maci, an yi kokawa. Idi ya wuce ni da buhun shinkafa a ka, ya ɗaga mini hannu.

Na zauna gaban mashin ɗin rubutu tun safe. In na bar Idi waje, babin ya tafi sumul, Musye direktar zai sa hannu yana shan kafe. In na sa shi, babi ukun farko sun rushe, kuma na san abin da za a ce: an aika ɗan Afirka daji, ya dawo da tatsuniya. Kujerar ta tafi. Na gwada sa shi a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, na kira shi ciwon jijiya mai saki da kansa. Na karanta wa Saratu. Ta ci gaba da tsince shinkafa, ta ce, "Maigida, haka aka yi?" Na ce ba ta san yadda ake rubutun ilimi ba. Ta ce gaskiya ne, ba ta sani ba. Na cire takardar daga mashin.

Juma'a, 14 ga Agusta

Baba ba lafiya. Ruwa ya dake shi a hanyar Tanda, yanzu ƙirji ya riƙe. Mamman ya yi masa allura, ya fito yana girgiza kai.

Lahadi, 16 ga Agusta

Bayan sujada Baba ya aiko a kira ni. Na tuɓe takalmi ba wanda ya ce in tuɓe. Na sha da moɗarsa. Na zauna ƙasa. Ya nuna kwalba da ido, ɗan mai ne ya rage a gindinta.

Wannan karon na gaskata. Ina rubuta shi don kada gobe in yi gardama da kaina. Ban taɓa son wani abu yadda na so tsohon nan ya tashi ba. Na juye man duka, na ɗora hannu biyu a ƙirjinsa, na roƙa da Hausa, Hausa ta ƙare mini, na ci gaba da wani abu da ban san ko mene ne ba, bakina yana tafiya ni ina binsa. Ina kuka kamar yaro gaban mutane.

Ya buɗe ido ya ce, "Halidu, ka cika surutu. Magana kaɗan na ce." Ya yi ɗan murmushi. Ƙirjin ya ɗaga ƙarƙashin hannuna, ya sauka, na jira ya sake ɗagawa.

Sai da Saratu ta cire mini hannuwa da kanta.

Talata, 18 ga Agusta

Mun binne shi jiya. Idi ne ya haƙa kabarin, ya hana kowa taɓa magirbi. Matar Baba ta aiko mini da kwalbar, babu komai a ciki. Na sa ta bayan littattafai inda ba zan gan ta ba.

Asabar, 22 ga Agusta

Yanzu ina da shaidar da ta fi kowace: wanda ya koyar da abin ya mutu a hannun ɗalibinsa, ana cikin addu'a. Musye direktar zai so wannan shafin. Na buga layi biyu na ji kamar na tona kabarin. Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 27 ga Agusta

Motar wasiƙu ta tashi da hantsi. Na ji ƙahonta daga gada. Memwar tana nan kan tebur, babi uku a ɗaure, na huɗu takarda ce fara. Ba wai na fasa ba ne. Akwai gyare-gyare, kuma mashin ɗin yana cin takarda. Wataƙila baɗi, in suna karɓa. Saratu ta kwance ƙullin kayan da ta fara ɗaurewa, ta shuka yakuwa bayan ɗaki.

Tsohuwar nan mai jika makauniya ta dawo. Na gaya mata gaskiya, na ce Baba ya rasu, ni kuma ban san komai ba, sau ɗaya abin ya taɓa faruwa kuma ba da sanina ba. Ta ce ta ji, ita dai tana zaune unguwar masunta, gidan da ke da tsamiya. Na ce ban yi alkawari ba.

Da la'asar na ratsa kasuwa, na sayi man gyaɗa ludayi ɗaya. Saratu ta ce akwai mai a gida. Na ce na sani. Kwalbar tana yoyo a wuya, na naɗe ta da tsumma. Takalmin sau-ciki ba ya jure taɓon unguwar masunta, kuma yana da wuyar tuɓewa a ƙofa. Gobe zan sa takalmin fade.