Leda Mai Jan Murfi

Faru, Maradun

Ɗiyata Taibatu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina maigidanki da yara? Liman Malami ke rubuta mani, tunda waya ba ta shiga.

Ƙafafun innarki Marka sun sake kumbura. Ruwan wankin ƙodar da nake ɗura mata ta robar ciki ba ya fitowa da yawa kamar da. Ga ta nan tafe, ki kai ta asibiti. Ki ce su riƙa ba mu ledar ruwan mai jan murfi zalla. Mai rawayan murfi lami ce, ba ta jan komai. Damina biyu ina aikin nan, ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Mahaifinki,
Bawa

Talata Mafara

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na kai Inna asibiti. Likita ya ce tantanin cikin Inna, wanda ke tace dattin, ya yi kauri ya sandare kamar busasshiyar fata. Mai jan murfin nan sukari ne ya yi mata yawa, shi ya sa take jan ruwa, amma a hankali ƙona tantanin take yi. Ta ranar kumburi ce kawai. Ta kullum ita ce rawayar.

Inna ba za ta koma zaman Faru ba. Sai injin wankin ƙoda, a birni, sau uku a mako. Tana ta tambayar wa zai ba awakinta dusa.

Baba, rawaya muke aiko muku, ja 'yan kaɗan. Ina kuka samo sauran jajayen?

Allah Ya ƙara girma.
Taibatu

Faru

Taibatu,

Innalillahi. Na sa Liman ya karanta har sau uku.

Ni da ake zuwa tambayata shekarar da aka haƙa kowace rijiya a garin nan, ba zan ce na manta ba. Sadi na Bakura, ƙanensa ma wankin ƙodar yake yi. Duk wata sai in kai masa rawayarmu, in karɓo jansu. Har zakara na ɗora masa, ina murna na fi shi wayo.

Shekaranjiya na ga ƙanen a kasuwar Maradun. Da ƙafarsa, ɗauke da buhun gyaɗa.

Kada ki karanta wa innarki wannan. Ina tafe ranar Talata, da bakina za ta ji. Ki dai ce mata awaki sun ci.

Wassalam.
Bawa