Bangon Baya Kaɗai Ya Rage

Zuwa ga Alhaji, mai gidan da nake haya a Glenwood,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen gidanka na Irving Park. Ina ƙara godiya da zuwanka jana'izar matata Nabra. Na gan ka a sahu, kuma an gaya mini kai ka aiko da abincin masu zaman makoki. Ban manta ba.

Na rubuto ne a fili, inda 'yan'uwanmu na Greensboro za su karanta, domin na kira wayarka ba ka ɗauka ba, na zo ofis aka ce ka fita, ga shi kuma masu fenti sun ce ranar Asabar za su dawo. Ba faɗa nake nema ba. Gaskiya ko ƙarfin yin fushi ba ni da shi.

Na farko, abin da ya faru. Ranar Talatar da ta wuce na taso daga aiki da la'asar, na shigo layinmu, na wuce gidana ban sani ba. Sai da na kai ƙarshen layi na juyo, ina duba lambobin ƙofofi kamar baƙo. Na tarar an shafe gaban gidan gaba ɗaya da fenti ruwan toka. Farantan tangaran da ke manne a saman ƙofa an ɓamɓare su, an cike gurbinsu. Babu wanda ya sanar da ni. Na zauna a mota har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa gilashi ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya. Daga nan na shiga na yi salla, na ci abinci. Har yanzu ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, bai zo ba.

Na biyu, abin da ke jikin bangon. Ka san Nabra 'yar Sudan ce, a can na auro ta lokacin da nake karatu a Khartum. Abin da wataƙila ba ka sani ba shi ne Banubiya ce, daga mutanen da suka zauna a bakin kogin Nilu tun kafin a san yawancin garuruwan da muke taƙama da su. A wurinsu mace ce ke zana gaban gida. Uwa ke koya wa 'yarta, da hannu, babu takarda. Kakarta ta zana gidansu a wani ƙauye kusa da Halfa. Da aka gina babbar madatsar ruwa ta Masar, ruwa ya shanye ƙauyen, da dabinonsa da kaburburansa, aka kwashe mutanen a jirgin ƙasa zuwa wani fili mai nisa da kogi. Tsohuwar ta ciro faranti ɗaya daga saman ƙofarta, fari mai shuɗin baki, ta ɗaure a zani. Shi mahaifiyar Nabra ta manna a sabon gidan da gwamnati ta ba su, ta sake zana abin da uwarta ta zana. Shi kuma Nabra ta taho da shi nan, shi ne na tsakiya a saman ƙofar gidan nan naka, wanda yaranka suka ɓamɓare.

Kai da kanka ka ba Nabra izinin yin zanen a jikin gidanka, shekarun baya, a tsakar gidan nan. Dariya ma ka yi, ka ce gidan ya zama na amarya. Duk bazara takan sabunta shi, ni ina riƙe mata tsani ina ƙorafin kunya, don ɗaliban jami'a kan tsaya da kekunansu suna ɗaukar hoto. Takan ce mini Bazazzagi da tsoron idon mutane. Ni kuwa ko hoto ɗaya ban ɗauka ba. Wa ke ɗaukar hoton ƙofar gidansa?

Na uku, maganar da ta iso mini. An ce ka faɗa a bakin masallaci cewa zanen na mutanen Fir'auna ne, saboda siffofin dala da ke jere a ƙasan taga, kuma bai dace da gidan Musulmi ba. Alhaji, Nabra ba ta taɓa barin salla ba, ko a gadon asibiti da ido ta yi ta. Waɗannan siffofin ita ce mini ta yi haƙoran kada ne, mahaifiyarta kuma tana cewa duwatsun bakin kogi ne. Ko da dalar ce ma, tasu ce. Kakanninta sun gina nasu, sun yi sarautarsu, har mata sun hau gadon mulki, suna da rubutunsu, suna narka ƙarfe, akwai ma lokacin da su suka mulki Masar ɗin. Ban san wannan ba sai daga bakinta, tana faɗa tana yanka kuɓewa. Batun faranti kuwa, kai ɗan birni ne, ka san tsofaffin soraye na gida da ake manna faranti a tsakiyar rufi. A zauren kakana a Zariya akwai shi, kuma a ƙarƙashinsa aka koya mini Fatiha.

In kuma dalilin shi ne kana son gidan ya yi kama da sauran gidajenka don ɗalibai masu haya, da ka faɗa mini hakan kawai. Na san gidanka ne. Na san yarjejeniyar haya tana bayanka. Ban musa ba.

Na huɗu, abin da ya rage. Fenti ya ƙare musu kafin su zagaya baya, shi ya sa bangon da ke fuskantar lambu yana nan. Shi ne na ƙarshe da ta fara. Akwai dabino, da jirgin ruwa, da layin haƙoran nan da ya taho daga kusurwa ya tsaya a tsakiya, ranar da hannunta ya daina ɗaguwa. A duniya yanzu nan ne kaɗai zanen gidansu yake. Na farko yana ƙarƙashin ruwa. Na biyu, da yaƙin da ake yi a Sudan, ba mu ma san wa ke cikin gidan ba.

'Yarmu Jidda tana aure a Minnesota, cikinta ya tsufa, likita ya hana ta tafiya. Tana yarinya uwarta ta yi ta fama da ita ta zo ta koya, ita kuwa sai ta amsa da Turanci ta shige ɗaki. Yanzu da aka ce mata mace za ta haifa, kullum maganarta a waya ɗaya ce: da ta yi arba'in za ta zo da jaririyar, ta zauna a gaban bangon ta kwafe shi da hannunta. Jiya ma ta tambaye ni ko ruwan sama bai taɓa farantin kaka ba. Na ce mata bai taɓa ba. Ban gaya mata sauran ba.

Don haka ga roƙona.

Ka tambayi yaranka inda suka kai farantan. Sauran na kanti ne, su riƙe. Farin mai shuɗin baki nake so, ko da a fashe ne, ko da gutsure ɗaya ne.

Ka dakatar da masu fenti, a bar bangon baya har Jidda ta zo ta gani. Bayan nan ka yi abin da ka ga dama, ba za ka sake jin bakina ba.

Maganar Fir'auna kuma, inda ka faɗe ta ka janye ta, tun da mai amsawa ba ta nan.

Allah Ya ƙara maka buɗi, Ya raya maka zuri'a, Ya bar ka da Hajiya tsawon rai, Ya sa kada ka taɓa wuce ƙofar gidanka ba ka gane ta ba.

Idan kuma ka ga lallai sai ranar Asabar ɗin, to kada ka turo kowa. Ka aiko da fentin da buroshi, na ɗauki hutun ranar. Ni na riƙe mata tsani ta zana shi, ni zan shafe, don na san inda ta tsaya, kuma nan nake so in bari sai ƙarshe.

Wassalam.

Naka mai haya,
Haruna, mijin marigayiya Nabra,
Glenwood, Greensboro.