Baba, Na Rage Nama a Tukunyar Gidanka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mahauci,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Ni ce Hadiza. Na san addu'a ce ke isa inda kake, takarda ba ta isa. Amma akwai maganar da ta tokare min ƙirji, kuma duk wanda na tara da ita a unguwarmu ta Abakpa sai ya ɗauki ɓangare, shi ya sa na kawo ta gabanka.

Baba, na rage nama a tukunyar gidanka. Gara ka fara jin wannan kafin sauran.

Kai ne kake dawowa daga kasuwar Ogbete bayan la'asar da ƙunshi a hannu, yau hanta, gobe ƙoda, ran Juma'a tozo. Ka ajiye a gaban Inna ka ce, "Tukunyar da ba ƙashi, ruwa ne kawai ke wahala a cikinta." Mu yi ta dariya. 'Ya'yan maƙwabta suna cin garau-garau, mu muna tsotsar ɓargo, har alfahari muke. Ranar da ka tarar da Inna tana gyaran rama sai ka tambaye ta ko akuya ta sayo ba ta gaya maka ba.

Shekara tara ke nan da ka faɗi a bakin teburinka, wuƙa a hannu. Kwana uku ka yi ba magana, Allah Ya karɓi abinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu aka sa maka saboda rumfar. Mu muka ce ajali, muka yi shiru. Ba wanda ya tambayi ciwon kan da ka daɗe kana ɗaure wa rawani, ko ƙafarka da ke kumbura.

Yaya Auwalu ne ya gaji rumfar, kuma ya riƙe ta da amana. Da mijina ya rasu, shi ya je har Onica ya kwaso ni da yarana biyu, ya buɗe mana ɗakin Inna, tunda ita ta koma Kano wajen ƙanwarta. Bai taɓa bari na ji ni baƙuwa ce ba. Ina so ka san wannan, don kada abin da zan faɗa ya sa ka ga baƙinsa.

Bara, ana saura kwana kaɗan azumi, ya faɗi. A rumfar nan taka, Baba, kusan a inda ka faɗi. Shekararsa arba'in da shida.

A asibiti likitar, wata mace mai fararen gashi, ta tambaye ni ko wani ya taɓa yin irin haka a gidanmu. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na gan ka kwance a tabarmar nan, bakinka ya karkace. Na ce mata mahaifinmu. Ta auna ni ni ma, ta girgiza kai. Ta ce hawan jini ne, kuma yana bin gida. Ta rubuta magani, ta ce a rage jan nama da kitse da kayan ciki da gishiri, a yawaita ganye da wake. Da ta ji sana'armu sai ta yi ɗan murmushi ta ce Allah Ya taimake ni.

Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi. Cikin wata biyu Yaya ya miƙe, yana dogara sanda, hannun hagu ne kawai ya yi nauyi. Matarsa Rabi ka san halinta, ba ta iya ce masa a'a. Idan ya ce farfesu, jikinta na rawa za ta ɗora. Don haka na karɓe girkin gidan gaba ɗaya.

Sai na tarar ban iya ba. Mace mai 'ya'ya biyu, ban san yadda ake miya ta yi daɗi ba nama ba. Na kira Inna a waya. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kusan shekara arba'in ina cin kwaɗon rama a ɓoye a gidan ubanku, yau ga shi an zo nema." Ka san da wannan, Baba? A madafa take ci, a tsaye, kafin ka dawo. Ita ta koya min kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da faten tsaki mai yakuwa, da yadda daddawa ke rufe bakin miya har a manta ba nama.

Mama Nkechi, maƙwabciyarmu mai sayar da ganye, ita kuma ta koya min miyar ganyen ugu da okpa, alalar gurjiyar nan tasu da kake cewa abincin masu jiran mota ne. Kullum ta miƙo min ɗauri ta katanga sai ta ce, "Make e chop leaf, e no go die," wai ya ci ganye, ba zai mutu ba.

Yaya ya ci, amma da faɗa. Kowace rana da abin da zai ce. "Hadiza, ni ɗan mahauci ne, ba ɗan tunkiya ba." Wata rana ya ɗaga cokali ya ce a kira masa mai gonar ya zo ya kwashe kayansa. Yara su yi dariya, shi ma ya yi, ya cinye. Kifi nake ba shi sau biyu a mako, jan nama kuwa na hana shi ko ƙyalli. Kumburin ƙafarsa ya saɓe, awonsa ya sauka, ya koma zama a rumfa yana kallon abokin aikinsa na yanka. Ni ma ciwon kan da nake fama da shi ya tafi. Na fara jin kaina, Baba. Na ɗauka ni ce na tashe shi.

Sai Babbar Sallah ta zo.

Rago biyu ya yanka kamar yadda ka saba. Ni kuwa tsoro ya kama ni, don na san idan soyayyen nama ya kwana a gidan nan, robar ba za ta kai mako ba. Kafin azahar na rabar da kusan duka, na aika gidajen maƙwabta da masallaci, na ɓoye ɗan na yara a ɗakina. Ban shawarce shi ba.

Da yamma abokanka na kwata suka zo gaisuwa, tsofaffin da suka yi fawa tare da kai. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya aiko a kawo abinci. Su na zuba musu nama. Shi na aika masa kwanonsa daban. A gabansu ya buɗe, faten wake da alayyafo. Rabi ta ce wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Auwalu, ashe takaba kake yi ba mu sani ba."

Ya jira har suka tafi. Ya shigo tsakar gida yana jan ƙafa, ya tsaya a ƙofar madafa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ɗauko ki ne ki zauna, ban ɗauko ki ki mulke ni ba. Ragon layyata, a gidan ubana, ko tsoka ɗaya ban cancanta ba?"

Na ce masa gara ya ji haushina yana raye. Abin da na faɗa ke nan, kuma a lokacin na ji daɗin amsar.

Daga ranar bai ƙara cin abincina ba. Ya fita da safe, ya ci a kasuwa. Aka riƙa kawo min labari: farfesun kayan ciki, balangu, tozo. Maganin ma ya daina sha, don ni ce mai miƙa masa, kuma ya daina karɓar komai daga hannuna. Rabi ta roƙe ni in ba shi haƙuri. Na ce ni ke da gaskiya, shi zai sauko. Mako shida muna gaisawa kamar 'yan haya.

Ranar wata Talata da hantsi aka kawo shi a keke napep, mutum biyu na riƙe da shi.

Wannan karon bai tashi ba. Ɓarin damansa ya tafi, maganar ma ta tafi, sai sauti. Da muka koma wajen likitar na ba ta labari duka, ina jiran ta ce laifinsa ne. Ta ce barin maganin ne babbar matsalar. Sannan ta dube ni ta ce, ai ita ragewa ta ce, ba ta ce a hana shi sam ba. 'Yar tsoka marar kitse ranar Sallah da ba ta yi masa komai ba.

Baba, tun ranar nake juya maganar nan. Tsoka ɗaya. Da na sa masa ita a kan faten nan, da ya ci a gaban mutane da mutuncinsa, da wataƙila yana nan yana tsokanata yana haɗiye maganinsa. Inna ta ce kada in ɗora wa kaina abin da Allah Ya rubuta. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na san abin da na ji a raina lokacin da nake rufe kwanon nan, kuma ba tausayi ba ne kaɗai. Akwai son a ce ni ce na iya.

Kai ma ina da magana da kai, ka yafe min. Wani lokaci idan ina yanka ganye sai in ji haushinka, in ce da ka bar Inna ta ci ramarta a fili, da mun tashi mun san ta a matsayin abinci, da Yaya bai ji kunyar kwanon wake a gaban mutane ba. Sai kuma in tuna yadda ka zo garin nan da wuƙa ɗaya da tabarma, ka rantse 'ya'yanka ba za su san yunwar da ka sani ba. Da abin da kake da shi ka so mu. Ba ka san sauran ba, mu ma ba mu sani ba.

Yanzu ni nake ba shi abinci a baki. Duk abin da na kawo yana ci: zogale, kabewa, okpa da na murmushe masa. Ba ya ture kwano, ba ya kiran mai gona. Ya buɗe baki, ya haɗiye, ya kalli bango. Wallahi Baba, da zai tashi ya zage ni a gaban duk mutanen Ogbete, da na fi son haka.

Shekaranjiya na sayo tsoka mai kyau daga rumfarka, na dafa ta har ta yi laushi, na daka ta kamar dambu, na sa masa a gefen fate. Na ce, "Yaya, ga naman Sallarka, ka yi haƙuri ya makara." Ya daɗe da shi a baki. Sannan ya sa hannun hagu ya fito da shi, ya ajiye a bakin tire, ya nuna min faten. Ban sani ba ko haɗiyewa ce ta gagara, ko fushin ne bai huce ba, ko kuwa ya yafe ne yake nuna min. Na tambaye shi har sau biyu. Ya dube ni kawai, ya buɗe baki yana jiran cokali.

Ba zan mayar da tukunyar yadda take a da ba, Baba. Jikokinka jininmu ne a jikinsu, kuma sun fara son kwaɗo. Ran Juma'a ina sa musu nama, kowa yanka ɗaya, kuma ban ƙara rufe wa kowa kwano ba tare da na tambaye shi ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Yaya Auwalu lafiya, Ya kwance masa harshe, ko da kalma ɗaya ce in ji matsayina a wurinsa. Ni kuma Allah Ya yafe min abin da na yi da kyakkyawar niyya da wanda na yi da girman kai. Amin.

Wassalam.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza
Abakpa, Enugu