Ni Zan Hau Tsanin

Yaya Tchima,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Na ajiye littattafan soyayyata tun ranar da guguwa ta jefo maigidana daga kan tsani a bakin teku, yana ɗaura na'urar sanyaya ɗaki sama da inda ambaliya ke kaiwa. Babu mai riƙe masa. Kar Inna ta ji, hannunsa da ya karye ya kusa warkewa.

Yanzu tare muke zuwa aikin daga garin Greensboro inda muke zaune, ina huda bango, ina zura bututu. Iskar gishiri ta farfasa mini hannu, amma lafiyata lau. Ki aiko man kaɗanya, Allah ya bar zumunci.

Su Hajiya Dalila, maƙwabtanmu, wai matar aure ba ta aikin maza. Da ya faɗo suna ina?

Ran Litinin ni zan hau tsanin.

Ƙanwarki,
Chamsiya