Saƙon da Kika Ba Malama

Zuwa ga Hajiya, tsohuwar shugabar matan mazaɓarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ban girma, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, wasu ne za su karanta ta. Su karanta. Ke ma ba ki taɓa tsoron taro ba.

Albishir na kawo miki. Makon jiya na kare kundin digirina na uku a gaban farfesoshi, kuma sun karɓa. Binciken da kika sani ne, na yadda jam'iyyu ke tara ƙuri'un mata a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. Kusan babi guda maganarki ce. Da na fito, mutane na ta yi mini barka, ni kuwa idona na ta neman wadda ba ta nan.

Su sun ɗauka digiri na je nema a wannan bincike. Ni da ke mun san abin da na je nema.

Ni ce ta fari a wurinki. Ana yaye ni aka kai ni Rawayau hannun Kaka, can na yi wayo. Da na dawo Kurfi don makaranta, sai na tarar da uwa mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen dā. Ba ki kiran sunana, ba ki kallona ido da ido. In za ki aike ni, sai ki ce wa ƙanwata Bilki, “Ce ma waccan ta ɗauko tsintsiya,” alhali ina tsaye kusa da ke har ina jin ƙanshin turarenki.

A waje kuwa wa ya kai ki baki? Na sha tsayawa a gefen fili ranar gangami, kina riƙe da lasifika, kina kiran mata ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da na ɗan autanta. Kin san sunan kowace mace daga Kurfi har bakin dam ɗin Zobe, nawa kaɗai ya gagare ki. Ana ta yabon kunyarki, ni kuwa haushi nake ji. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin hakan bai taɓa rage mini zafin ba.

Shi ya sa na karanci kimiyyar siyasa. Mutane suna cewa gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai so nake in ga wace aba ce wannan da ta kwashe duk hirarki, ba ta rage mini ko ta cin tuwo ba.

Lokacin da malamin da ke duba aikina ya ce sai na sami shugabar mata da ta daɗe a harkar, na yi ta kewaye-kewaye kafin in aiko miki Bilki da roƙon. A lokacin ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da ke, hawan jini kuma ya sa ki gaba, kowa a gidan ya san ba sauƙi ake samu ba. Amsarki ta zo a taƙaice, wai in zo, amma in yi sallama kamar kowane baƙo.

Na zo bayan azahar, na yi sallama a zauren gidan da aka haife ni. Na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin bishiyar bedi, ga ruwa a kwanon shan baƙi, ke kuma kin yafa mayafin zuwa taro. Kika ce, “Sannu da zuwa, Malama. Daga jami'a aka hito?” Saura kaɗan dariya ta kufce mini. Sai kika ɗago kika dube ni tsakiyar ido, dariyar ta koma ciki. Ban taɓa sanin akwai ɗan tabo a ƙasan idonki na hagu ba sai ranar.

Ashe dabarar da kika samo ke nan. Da 'yar fari ba a hira, amma da baƙuwa daga jami'a ana yi.

Kuma mun yi ta. Na tambaye ki dalilin da ya sa kika yi ta sauya jam'iyya, kika ce, “Jam'iyya rumhwa ce, Malama, in ta hwara yoyo sai a matsa.” Na ce sabulu da taliya da atamfar da kuke rabawa sayen ƙuri'a ne, ko da wane suna aka kira shi. Kika harare ni kika ce, “To mi aka taɓa aiko ma mace har ɗakinta in ba lokacin zaɓe ba?” Ban janye ba, ke ma ba ki janye ba. A kundin na rubuta sayen ƙuri'a, don shi ne. Tambayarki ma na rubuta ta a ƙasa, don har yau ban gamsu da amsar da nake da ita ba.

Wata rana ni na kayar da ke. Kina ba ni labarin yadda kuka yi wa wani ciyaman guɗa ranar da ya buɗe famfon unguwa, sai na warware miki yadda kason ƙaramar hukuma ke zuwa, na ce kuɗin jama'a ne, ba daga aljihunsa ya ciro ba. Kika riƙa jujjuya carbi. Can kika ce, “Ashe da kuɗinmu muka yi mashi guɗa.” Kika yi ta dariya har tari ya sarƙe ki, na miƙa miki ruwan baƙuwa kika sha.

Rigimarmu mafi girma a kan suna ce. Na gaya miki ƙa'idar bincike ta hana a bayyana mai ba da bayani, saboda haka a kundin za ki zama Hajiya A. Kika ce, “Ni in sha rana, a ce wata A ta yi?” Kin yi fushi har kika hana a kawo mini fura ranar. Ki kwantar da hankalinki. Sunan dai ban sa ba, amma na rubuta a gabatarwa cewa Hajiya A mahaifiyata ce, na kuma maimaita a gaban farfesoshin da bakina. Duk Kurfi an gane ki.

Ba a daɗe ba tambayoyina suka ƙare. Ban gaya miki ba. Na riƙa ƙirƙiro wasu a kan babur tsakanin jami'a a Dutsin-Ma da gida. Daga zaɓenki na farko na gangara zuwa aurenki, daga aure zuwa goyo, ina ce miki ana buƙatar tarihin mai bayani. Wani lokacin wayar da nake naɗar hirar da ita ma ba ta ɗaukar komai, kin kuma gani. Ba ki taɓa tona ni ba. Sai ma ki sa a sayo kifin Zobe, ki zauna kina cire masa ƙaya da hannunki kina tura mini, wai baƙo ba a barinsa da ƙaya.

Da an naɗe tabarma kuwa, shi ke nan, na koma waccan. Sau ɗaya na gwada bin ki ɗaki in ci gaba da hirar a matsayin 'ya, kika kawar da kai kika kira Bilki. Ranar na yi kuka a bayan mai babur har muka shiga gari. Daga nan na haƙura da abin da na samu, na riƙa tsoron ranar da ciwon zai hana a shimfiɗa tabarmar.

Ranar ta zo. Ba ki iya fitowa gindin bedi, amma kin sa an shimfiɗa tabarmar a gefen gadonki, har da kwanon ruwan. Na zauna, na fito da waya, kika ɗaga hannu kika ce, “Aje, Malama. Yau ni ke da saƙo.”

Ina riƙe da shi kalma da kalma. Kika ce, “Can jami'arku akwai wata ɗiya, ta hwari ce wurina. In kin gan ta, ki ce mata ranar da aka tahi da ita Rawayau ban iya cin tuwo ba. Ki ce mata duk taron da na riƙe lasihika, na san inda take tsaye. Ki ce ta yahe mani. Allah shi yi mata albarka.”

Na ce zan gaya mata. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Na so in faɗa jikinki, amma na ga wahalar da kika sha kafin ki gina mana wannan rumfa, ban so in rushe ta a kanki. Na yi godiya irin ta baƙi, na sa takalmina na fita. Ba mu sake zama ba.

Inna, na isar da saƙon. Ta ce in gaya miki babu abin yafewa, in ma akwai ta yafe duniya da lahira. Ta ce ta ji sunanta a cikin kowane “Malama” da kika faɗa. Ta ce tana ƙaunarki, tana kewarki, kuma tana da sauran tambayoyi.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, ya yafe kurakuranki na fili da na ɗaki, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki. Ya haɗa mu a inda uwa za ta kira 'yarta ba tare da ta kawar da kai ba. Amin.

Taki ta fari,
wadda kike ce wa Malama.